Tundra daga Kanada ko Hilux a gida? Amsa ga mai gonar shinkafa a Kura

Wani Alhaji mai shagon hatsi a Dawanau, wanda kuma yake noman shinkafa a wajen Kura, ya aiko mini da tambaya. Ƙaninsa da ke zaune a Kanada zai bar masa akori-kurarsa Toyota Tundra ƙirar 2012 a kan kuɗi kaɗan, ya sako ta a jirgin ruwa zuwa Legas. Ƙanin ya ce motar mai fowil ce, wato tana iya ja da tayoyinta huɗu, an yi mata cikakken shirin sanyi, kuma tana jan kaya har tan huɗu da rabi. Alhaji yana so ya san ko shirin sanyin nan zai amfane shi a hunturun Kano, ko za ta ja masa tirelar da yake shirin a ƙera masa don injin casa da buhunan shanshera, da kuma yadda za su kwashe da ita wajen shan mai. Ko kuwa ya haƙura ya nemi Hilux a nan gida?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na fara koyon gyaran mota tun lokacin da in an ce akori-kura ana nufin Peugeot 504 ta Kaduna, wadda ake yi wa lodi har bayanta ya kusa shafar ƙasa, kuma har yau ban fita daga ƙarƙashin motocin ɗaukar kaya ba. In da ni ne, da kuɗina, ga irin aikin da ka faɗa, Hilux zan saya. Amma ka bi ni a hankali ka ji dalilai, don ko wacce ka ɗauka daga ƙarshe za su yi maka amfani.

Sanyinsu da namu suna ne kawai ya haɗa su. A Kano, tsakanin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi yakan sauko wajen digiri 12 da asuba, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan, mu kuma mu ɗauko rigunan sanyi da kaskon wuta muna cewa bana abin ya yi yawa. A wurare da dama a Kanada yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili, har ya wuce. A irin wannan yanayi ruwa yana daskarewa a cikin lagireto, baƙin mai ya yi kauri kamar man shanu, man dizal ya kama jikinsa ya ƙi wucewa ta filta. Shirin sanyin da ƙaninka yake yabawa maganin waɗannan ne, kuma babu ko ɗaya da zai same ka a Kano.

Idan motar ta iso, mai yiwuwa ka ga wata waya mai filogi tana leƙowa ta gaban lagireto. Na taɓa ganin yara a gareji suna gardama wai motar mai caji ce. Hita ce da ke ɗumama injin da dare don ya tashi da safe, kuma an yi ta ne don wutarsu mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce. Kada wani mai karambani ya jona ta. A naɗe ta a ɗaure, a manta da ita.

Tayoyi kuwa sai ka cire su, in na sanyi ne. Za ka gane su da wata alama a gefen taya, hoton dutse mai tsini uku da furen ƙanƙara a tsakiya, ga kuma ƙananan tsage-tsage masu yawa a kan zanen. Robarsu mai laushi ce, an haɗa ta don ta riƙe hanya idan zafi ya yi ƙasa da digiri 7. Ka ɗora irin wannan a kwaltar hanyar Zariya a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, za ta cinye kamar sabulu, kuma birki ba zai kama da wuri ba. Irinsu ne suka cika wuraren masu sayar da tayoyin gwanjo, mutane suna ganin zanen da sauransa suna cewa sun yi tsintuwa. Ka kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2016, ta tsufa ko da ba a taɓa taka ta ba.

Amma babban abin da sanyin Kanada zai aiko maka da shi ba ya ganuwa a hoto. Can gishiri suke watsawa a kan titi don ya narkar da ƙanƙara, tayoyi kuma su riƙa fesa ruwan gishirin nan a ƙarƙashin mota wata da watanni, shekara bayan shekara. Motar ɗaukar kaya a kan shasi take zaune, dogayen ƙarafa biyu daga gaba zuwa baya, su ke riƙe da inji da sifirin da ƙugiyar jan kaya. Gishiri yana shiga cikinsu ya ci su daga ciki. An taɓa kawo mini wata akori-kura daga ƙasar sanyi, fentinta yana walƙiya, kujerunta kamar ba a taɓa zama a kai ba, mai ita yana ta murna. Na shiga rami da ƙaramar guduma na ƙwanƙwasa shasin kusa da inda sifirin ɗin baya yake kamawa. A bugu na uku kan gudumar ya shige ciki, ɓawon tsatsa ya zubo mini a fuska kamar busasshen ganye. An shafe wajen da baƙin fenti mai kauri kafin a sayar. Mutumin ya zauna a kan tsohuwar taya ya fi minti goma bai ce uffan ba. Ba ƙaramar magana ba ce ko a can: a shekarar 2016 kamfanin Toyota ya amince da wani sulhu a Amurka da darajarsa ta kai kusan dala biliyan 3.4 a kan tsatsar shasi, wanda ya shafi Tacoma ta 2005 zuwa 2010, da Tundra ta 2007 da 2008, da Sequoia. Taka ta 2012 ba ta cikin wannan jeri, amma gishiri ba ya duba shekarar ƙira. Bututun man birki, da na fetur, da ƙusoshin ƙasa, duk yana cin su. Shasin da tsatsa ta huda ba ya gyaruwa da walda yadda za ka amince masa ya ja tirela.

Hunturun Kano nasa buƙatun daban. Na farko ƙura. Inji yana zuƙar iska mai yawan gaske, filtar iska ce kaɗai ke tsakaninsa da garin ƙasar da ke saukowa daga Sahara. Mai zuwa Kura ta hanyar burji ya riƙa duba ta kowane mako biyu. A bubbuga ta a hankali ƙura ta zube, in ta toshe a sake sabuwa. Hura ta da iskar mai faci da yara ke yi yana yaga takardar a wuraren da ido ba ya gani, daga nan ƙura ta riƙa wucewa tana goge cikin inji har ya fara shan baƙin mai. Kada kuma ka kunna waifa a kan busasshen gilashi da safe, yashin da ya kwanta a kai zai zazzane shi, da dare fitilun masu zuwa su riƙa warwatsuwa a idonka. Zuba ruwa tukuna.

Na biyu hazo. In ya sauka sosai, ka rage gudu ka bar fitila a dim ko da rana ce. Ful yana dawo maka da haskenka ne a ido. Abin da ke kashe mutane a hazo ba wani abu ba ne illa babbar motar da ta lalace a kan hanya aka zuba ganye a bayanta, da tarakta ko amalanken shanu marar fitila, da hayaƙin ƙona daji a bakin titi. Ka yi gudun da za ka iya tsayawa a cikin tazarar da idonka ke gani. Batir kuma, zafin bazara ne ke cinye shi, sanyin asuba ya tona asirinsa, don haka a gwada shi tun a Nuwamba. Iskar taya ma tana raguwa in an yi sanyi, a auna da safe kafin a taka hanya.

Sai wata al'ada tamu da nake faɗa da ita kullum. Mota tana sauka daga jirgi, bakanike zai ce a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne. Ƙarya ce da ta daɗe har ta zama kamar gaskiya. Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ta buɗe. In an cire ta, da safiyar hunturu injin ba zai yi ɗumi da wuri ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu a sanyaye yake, ta ci gaba da tura masa mai fiye da kima. Kai kana biya a gidan mai, injin kuma yana cin kansa. Haka ruwan lagireto mai launi: ba don hana daskarewa kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa, yana kuma jinkirta tafasa. Ruwan rijiya ko na famfo zalla yana toshe lagireto da farin gishiri. Barin mota tana ɗumama minti goma sha biyar a ƙofar gida ma ɓarnar mai ce. Minti ɗaya ya isa, ka tashi a hankali.

Akwai dabara ɗaya ta mutanen ƙanƙara da ta cancanci aro, amma a damina za ta yi maka aiki. Akori-kura in ba kaya, nauyinta a gaba yake, alhali tayoyin baya ne ke tura ta. Shi ya sa can suke ajiye buhunan yashi a bayanta don tayoyin su kama ƙasa. A nan, ruwan farko in ya sauka a kan kwaltar da ta sha ƙura da ɗigon baƙin mai na tsawon rani, santsi take yi kamar an zuba karkashi. Ka taka totur a shataletale da motar da babu komai a bayanta, sai ka ga bayan yana neman riga gaba. Buhu biyu ko uku na yashi, a ɗaure daidai saman tayoyin baya, suna gyara mata zama. Fowil ɗin kuma na laka ne da yashi da taɓon bakin gona. A Hilux da Tundra irin taka, in ka saka shi, gaba da baya suna kullewa su juya tare. A busasshiyar kwalta, inda taya ba ta samun zamewa, kowace kwana murɗe giya da farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, take yi. Kuma fowil yana taimaka maka ka tashi ne, ba ya ƙara maka birki ko kaɗan.

Yanzu maganar kaya, wadda a ganina ita ce zuciyar tambayarka. Ɗauka daban, ja daban, kuma a nan ne ƙaninka ya faɗa maka rabin labari. Gaskiya ne Tundra mai injin V8 na lita 5.7 tana jan abin da ya kai tan huɗu da rabi. Amma abin da take ɗauka a jikinta, in mai ƙofa huɗu ce mai fowil, bai wuce wajen kilo 700 ba. Hilux, duk da ta fi ta ƙanƙanta, tana ɗaukar kusan tan ɗaya, don sifirin ɗinta na aiki ne, na waccan kuwa an sassauta shi don jin daɗin zama. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi da ke faɗin ainihin nauyin. Wannan adadi kuma ya haɗa da mutanen da ke ciki. Kai da yara huɗu, a ce kowa kilo 70, kun cinye 350. A Hilux saura 650, wato buhun taki mai kilo 50 guda goma sha uku. A Tundra saura guda bakwai. Na san za ka yi dariya, don ka sha ganin an ɗora buhu talatin a kan Hilux a Dawanau ta tashi. Tana tashi mana. Tsayawar ce ba a ba ka labari. Masu ƙara ganyen sifirin biyu ko uku suna gyara yadda motar ke tsayuwa a ido ne kawai, birkin yana nan yadda yake, aksil da boris da taya ma haka. Tayar da ta dace da lodi ita ce mai harafin C a ƙarshen lambarta ko LT a farko.

Shi kuma adadin jan nan, tan huɗu da rabi na Tundra ko tan uku da rabi da ake rubutawa wasu sababbin Hilux masu dizal, sharaɗinsa tirelar tana da birkin kanta. Tirela marar birki, abin da littafin Hilux ya yarda da shi kilo 750 ne, har da nauyin tirelar kanta. To tirelar da mai walda zai ƙera maka da tsohon aksil ɗin mota da ƙarfen kwana, da wuya a sa mata birki, kuma ita kaɗai tana iya kai kilo 300 ko 400. Ɗora mata buhun shanshera goma ka ga inda lissafi ya tsaya. A daidai lokacin da mai Adaidaita Sahu ya yanko maka ba sigina, tan ɗaya da rabi yana tura ka ta baya, birkin motarka kaɗai ke kokawa da duka. In za ka riƙa wuce kilo 750, ka kashe kuɗi a sa wa tirelar birki, irin wanda ke kama kansa idan ta tunkuɗo motar. Ba almubazzaranci ba ne.

Yadda ake jera kaya a tirela shi ne abin da na ga ya fi kayar da mutane. Wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin ya kasance a gaban tayoyin tirelar, ta yadda kashi 10 zuwa 15 na jimillar nauyinta zai danna ƙugiyar mota. In kaya ya rinjaya baya, hancin tirelar yana ɗaga bayan motar, da ka ɗan yi gudu ta fara kaɗa wutsiya. Na taɓa bin bayan wani a hanyar Wudil yana jan injin ban ruwa da durom-durom na mai, duk an tura su ƙarshen tirela don a bar wa yara wurin zama a gaba. Wata babbar mota ta wuce shi, iskarta ta taɓa tirelar, ta lanƙwasa hagu, ta dawo dama da ƙarfin da ya fi na farko, a karo na huɗu ta juya motar gaba ɗaya ta fuskanci inda ta fito. Allah ya kiyaye, yaran sun tsira da ƙujewa. Na ga fitilar birkinsa ta kama tun a kaɗawa ta biyu, kuma nan ya ƙara wa abin wuta. In tirela ta fara rawa, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka bar gudun ya mutu da kansa, sannan ka tsaya ka sake jera kaya. Ka tuna kuma nauyin da ke danna ƙugiya ana cire shi ne daga abin da motar za ta ɗauka a jikinta.

Ƙugiyar a ɗaure ta da ƙusoshi a jikin shasi, ba a like ta da walda a bamba ba. A sa sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashinta, don in ta kuɓuce hancin tirela ya faɗa a kansu maimakon ya soki ƙasa. A ja wa tirelar fitilar birki da sigina, wannan ma zai rage maka tsayuwa da 'yan KAROTA da jami'an kiyaye haɗura. In tankin ruwa za ka ɗora, lita 1,000 kilo 1,000 ce, kuma tankin da ke rabi ya fi cikakke haɗari, don ruwan yana gudu gaba da baya yana dukan mota duk lokacin da ka taɓa birki. Shanu daga kasuwar Wudil ma haka suke, nauyi ne mai motsi kuma a sama yake. Mota mai giya otomatik, zafi ne ajalin giyabos ɗinta idan tana ja. Tundra tana da maɓallin ja a kusa da sitiyari, a danna shi, a Hilux kuma a hana ta hawa giyar ƙarshe. Ƙasar Kano shimfiɗe take, amma ranar da ka gangaro daga Jos da kaya, ka sauko da giya inji ya riƙe motar, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi ya saki.

Tunda za ka zama mai babbar mota, za a riƙa kiranka ka jawo wadda ta mutu a hanya. In otomatik ce kuma injinta ba ya aiki, kada ka ja ta da igiya tafiya mai nisa, don famfon da ke zagaya man giya inji ne ke juya shi. A cire farfela ko a kira janwe.

Mai kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, wannan tambaya ta koma gaban duk sauran. Alƙaluman da wata hukumar gwamnatin Amurka ta ba Tundra mai lita 5.7 da fowil su ne mil 13 a galan ɗaya a cikin gari, 17 a babbar hanya. Galan ɗinsu lita 3.8 ne, ba irin namu ba, mil kuma kilomita 1.6. In ka juya, kilomita biyar da rabi ke nan a lita ɗaya a gari, bakwai da ɗan ɗoriya a hanya, kuma a gwajin da babu cunkoson Kantin Kwari, babu esi tun safe har magariba, babu tirela. Hilux mai fetur ta lita 2.7, wadda ita ta fi yawa a hannun mutanenmu, a abin da nake gani wurin masu kawo mini gyara tana ba da bakwai zuwa takwas a gari, tara zuwa goma a hanya. Mai dizal lafiyayya tana haura goma. Mu ɗauka kana cin kilomita 1,500 a wata tsakanin gida da Dawanau da gona. Tundra a kan shida za ta sha lita 250. Hilux a kan takwas da rabi, wajen 176. A ce lita naira dubu ɗaya don sauƙin lissafi, bambancin ya kai dubu 74 a wata, kusan dubu 890 a shekara. A 'yan shekaru ragin da ƙaninka ya yi maka ya ƙare a gidan mai. Jan tirela mai nauyi kuma yana iya ƙara kashi ɗaya cikin uku ko fiye a kan wannan, ko wacce mota ce.

Kada ka yarda da allurar ma'aunin mai, kada ka yarda da bakin dillali. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, rubuta maleji, yi harkarka kwana biyar, koma wannan famfon ka sake cikawa, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Abin da ke rage shan mai kuwa ba boyayye ba ne: gudun 90 maimakon 120, domin akori-kura bango ce take turawa a cikin iska, sai iskar taya daidai, filta mai tsabta, tamostat a wurinsa, da barin manyan tayoyin gayu masu ƙurji da katangar ƙarfe a gaba in ba aikinsu kake yi ba.

Tsakanin fetur da dizal, dizal ta fi ƙarfin ja da sauƙin sha, amma injinan zamani ba sa yafe gurɓataccen mai. Ruwa kaɗan ko dattin jarka ya isa ya kashe nozul, kuɗin saiti ɗaya kuwa sai ya cinye ribar shekara. In ka ɗauki dizal, ka tsaya a gidan mai ɗaya da ka amince da shi, ka riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin filta. Injin 2KD da 1KD na Hilux ta 2005 zuwa 2015 bel ne ke riƙe musu taimin, ana sake shi a kilomita 150,000, in ya tsinke yana tafiya injin ya tashi aiki. Na fetur mai lita 2.7 kaca ce da shi, kuma kowane bakanike a Kano ya san cikinsa. Ka guji dizal ɗin da aka yi wa kasuwar Turai, mai matatar hayaƙi a salansa, don ba ta jure wa irin man da ake samu a wurare da yawa a nan. In kana tunanin mayar da ita mai iskar gas ta CNG, ta fetur ta fi sauƙin juyawa kuma bayanta yana da wurin tukunya, sai dai tukunyar tana da nauyi, za ta ci daga lodinka, kuma sai a wurin da aka amince da su, ba tukunyar da aka yi wa walda ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke sa mutum nadama. Kayan gyaran Hilux, ka shiga Kofar Ruwa da safe ka fito da su kafin azahar, sabo da na gwanjo, illa dai ka yi hattara da jabu. Na Tundra wasu sai an aika Legas, wasu sai ƙaninka ya sayo, motar tana zaune a gareji tana shan ƙura a tsakiyar girbi. Faɗinta ya ɗan haura mita biyu, tsawonta ya kusa shida, ka kwatanta wannan da lungunan cikin gari ko neman wurin ajiyewa a Singa. Kuɗin jirgi da na kwastan kuma ba su cikin farashin da ya faɗa maka. Ita Hilux nata aibun shi ne tsada da farin jini wurin ɓarayi, sai ka sa mata na'urar bibiya. Ka duba takardun kwastan da kyau, musamman tunda an taɓa hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Ka kuma leƙa ƙarƙashin dashbod ko an mayar da sitiyarin daga dama zuwa hagu, don da yawa daga ƙasashen da ke tuƙi ta wancan hannu suke zuwa, kuma sitiyarin da aka yanka aka haɗa ba abin ɗora wa iyali ba ne.

Akwai kuma harajin da ba ya cikin kowace takarda. Ranar da unguwa ta ga ka ajiye akori-kura a ƙofar gida, ka zama mai kai kayan jeren amarya, mai ɗauko ragunan layya, mai kwashe kujerun walima, mai kai makara maƙabarta. Ta ƙarshen ba a ƙi, lada ce. Sauran kuwa ka sa musu doka tun makon farko: direbanka ne zai tuƙa, mai aro ya zuba mai, kuma kai ke faɗin yawan lodi. In ma bayan girbi motar za ta riƙa yini babu komai a bayanta, ka riƙe ƙaramar motarka don zirga-zirgar gari, wannan ta tsaya wa gona.

In duk da haka zuciyarka na kan Tundra, ko kana jin nauyin mayar wa ƙaninka da hannun alheri, to kafin a biya kuɗin jirgi ka sa ya kai ta gareji a ɗaga ta sama. Ya ɗauko maka bidiyon shasin daga gaba har baya da fitila a hannu, ana ƙwanƙwasa shi da guduma kana jin ƙarar, musamman wajen maƙalar sifirin ɗin baya da saman inda safayar taya take rataye. Ya ɗauki takardar jikin ƙofar direba, da gefen tayoyi huɗun, da lambar shasi don a binciki tarihin motar ko ta taɓa haɗari ko shiga ambaliya. In sun iso, Alhaji, turo mini in duba maka.